Na Je Zariya Sauke Bahaguwa

Alhamis: Gusau

Ladanin unguwarmu bai yi kiran farko ba na riga na tashi, na ɗaure jakata, na zauna a bakin gado ina murza wa gwiwata man zafi. Maigidana Alhaji ya farka ya dube ni, ya dubi raket ɗin wasan badminton da ke leƙowa ta bakin jaka, ya ce, "Yanzu Asabe, da jikokinki da komai, za ki ɗauki hanyar Zariya don buga 'yar gashi?" Na ce masa ba ni na kai kaina ba, kirana aka yi. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, amma in na dawo da targaɗe kada in ce bai faɗa ba. Muna idar da sallar asuba babban ɗanmu ya kai ni tasha.

Wadda ta kira ni sunanta Komfot, amma a filin wasa Bahaguwa ake ce mata, don da hagu take riƙe raket. Iyayenta Yarabawa ne da suka zauna Sabon Garin Zariya tun kafin a haife ta, ubanta tela, uwarta mai alala a bakin kasuwa. Ni kuma 'yar Samaru ce, babana ma'aikacin gonar gwaji. Makarantar 'yan mata ce ta haɗa mu, malama ɗaya ta miƙa mana raket a rana ɗaya, daga nan kowa ta kama rabonta. Komfot ta ci kofin jiha, ta ci na Arewa, ta ci na ƙasa, a tanis da badminton duka biyu, har aka sa ta a jirgi ta je ta buga a ƙasashen waje. Ni kuwa duk wasan ƙarshe da muka haɗu, ita ke ɗaga kofi, ni ina gefe ina murmushin dole ana ɗaukar hoto. Ban taɓa cin ta ba, ko da wasa. Har suna ta laƙa mini, wai Ta Biyu, kuma ya bi ni.

A tsohon ɗakin wasa na Sabon Gari inda muka koyi badminton, fili ɗaya ne tal, masu wasa kuwa rututu. Shi ya sa aka kafa doka tun kafin zuwanmu: wadda ta ci ta tsaya a fili, wadda aka ci ta sauka ta koma benci, wata ta shigo. Mai ci ba ta sauka don kanta, sai an sauke ta. In lokaci ya cika aka rufe ɗakin, Asabar mai zuwa wadda aka bari a fili ita za ta fara. To, tun muna 'yan mata Komfot ta karɓi filin nan, kuma har makon da nake ba ku labari ba macen da ta sauke ta.

Wayar da ta yi mini gajera ce. Ta ce, "Asabe, Dele zai tafi da ni Ibadan ran Litinin, kuma tafiyar ba ta dawowa ba ce. Ki zo ki sauke ni." Dele ɗanta ne na fari. Na ce mata duk 'yan matan da ta koyar ba wadda za ta iya, sai an taso tsohuwa daga Gusau? Ta ce, "Ke dai ki zo." Ba zan ɓoye muku ba, raina ya yi fari. Na yi aikin malamar wasanni har na yi ritaya, kuma har yau ina taɓawa da malaman makarantar da na koyar da yamma. Na ce a zuciyata, Bahaguwa, ranarki ta zo.

Hanya: Tsafe, Funtuwa, Giwa, Shika

Mota ta cika tun da duhu-duhu, amma direba ya ce ba inda za shi sai rana ta fito sosai, don hanyar Tsafe ba a shigarta da sassafe a wannan zamani. Ba wanda ya yi masa musu. Kuɗin mota kuwa ba a magana, na biya ina ƙunƙuni. Da muka tashi, kowa ya yi shiru yana jan carbi, har muka wuce dutsen Kwatarkwashi. Damina ta ja baya, dawa ta yi kai, gonaki sun yi kyau ƙwarai, sai dai wasu ba ka ganin kowa a cikinsu.

Shingayen jami'an tsaro ban ƙirga su ba. A na kusa da 'Yankara wani matashin soja ya leƙo, ya hangi raket a kan cinyata, ya ce, "Mama, wannan na kashe sauro ne?" Na ce, "A'a ɗana, na kashe Bayarabiya ne." Ya yi turus, direba ya yi maza ya ce wasa ne za ta je bugawa. Sojan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya ba Mama sa'a. Daga nan motar ta saki jiki, aka fara hira.

A Funtuwa muka sauka na canza mota. Na zauna wurin wata mai awara na ci da yaji, na kora da shayi. Nan na tuna lokacin da ake loda mu a babbar motar makaranta mu bi wannan hanya zuwa gasa a Sakkwato, muna waƙa tun daga Samaru. Komfot kaɗai ba ta waƙa. Wannan jarumar da 'yan matan Arewa ke tsoro, mota ce ke kayar da ita. Tana zaune a lungu da lemun tsami a baki, ido a rufe, tana kiran sunan Yesu duk ramin da aka faɗa. Amma a sauke ta, ta wanke fuska, ta sha ruwa, sai ta shiga fili ta yi wa mutane kaca-kaca.

A Giwa na sayi rake da gasasshiyar masara don tsarabar masauki. Da muka iso Shika na ga babban asibiti ta taga, na tuna Dele ya taɓa gaya mini mamansa ta kwanta a nan bara saboda hawan jini. Ya ce da ƙafarta ta fito, ni kuma na ɗauki maganar a haka, don da na kira ta cewa ta yi ɗan jiri ne kawai. Ana kiran azahar muka shiga Samaru.

Samaru

Na sauka a Hayin Dogo wurin Yaya Hanne, matar marigayi yayana. Ta tarbe ni da tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, ta zauna tana kallona ina ci tana ba ni labarin waɗanda suka rasu, gida-gida, har na ce ta bari in gama tukuna. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta tafa hannu ta ce, "Ku har yanzu ba ku girma ba? Ke da 'yar telan nan, in an bar ku har a lahira sai kun nemi raga."

Bayan la'asar na ce zan taka in ga tsohon filinmu na tanis. Samarun da na sani ta ɓace mini, ko'ina shaguna da ɗakunan haya na ɗalibai, yara suna wucewa suna rabin Hausa rabin Turanci. Sai da na yi tambaya sau biyu a garin da aka yanke mini cibiya. Da na isa, na tarar da wata mata ta baza masara tana shanya, akuya kuma ɗaure a jikin sandar raga ɗaya da ta rage. Ta ce, "Hajiya, wa kike nema?" Na ce filin tanis. Ta ce, "Ayya, ai tun da na zo unguwar nan wurin shanya na san shi."

Ba ta san wahalar da muka sha a kan wannan wurin shanyar ba. Da ƙasar suri aka yi filin, wadda gara ta riga ta tauna, don ita ce ke daddalewa ta yi santsi. Kafin a buga sai an yayyafa ruwa, an ja wata ganga cike da siminti an danne, sannan a ja layi da farar ƙasa. Kuma masu wasa ke yi da kansu, wadda ba ta ɗauki garwa ba ba ta taɓa raket. Komfot, ko bayan ta zama ta ɗaya a ƙasa, hotonta na cikin jarida, in ta dawo sai ta tuɓe takalmi ta ja gangar nan tare da mu. Ubanta ne ya ɗinka mata farin siket ɗinta na farko. Da babana ya ce 'yarsa ba za ta fita da cinya a waje ba, tsohon telan nan ne ya zauna ya fitar mini da dogon wando da riga har gwiwa, farare tas, ya kawo su Samaru a kan kekensa ya nuna wa babana da kansa. Ba don shi ba, da wasana ya ƙare tun ba a fara ba.

Na je na tsaya a inda layin baya yake a da. A nan na taɓa kusan cin ta. Ina gaba, 'yan Samaru suna ta kiran sunana, muka zo canjin gefe, na tarar da ita tana ɓare lemu hankali kwance. Ta miƙo mini rabi ta ce, "Ta Biyu, kin gaji ko?" Wallahi ban san na gaji ba sai da ta faɗa. Ban ƙara cin komai ba a ranar. Na tsaya ina dariya ni kaɗai har mai shanya ta fara kallona, na yi mata sallama na koma gida kafin magariba.

Juma'a: Sabon Gari

Da hantsi na hau bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila, na sauka bakin kasuwar Sabon Gari na ƙarasa da ƙafa. Nan kam ba a ɓata, hayaniyar tana nan yadda na bar ta, masu kayan gyaran mota, masu atamfa, ana ciniki da Hausa ana zagi da Turancin Buroka. Gidansu Komfot na nan a layinsa, shagon ubanta na gaba ya koma wurin gyaran waya. Dele ne ya fara ganina, ƙato da shi har da furfura, ya zube ƙasa irin gaisuwarsu yana cewa, "Mama Gusau, sannu da hanya." Tsakar gida cike da kwalaye, kofunan da na sha kallo a hannun uwarsa an naɗe su da tsofaffin zannuwa an jera a kwando.

Sai na ji muryarta daga ɗaki: "Wa nake ji kamar Ta Biyu?" Ta fito. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ta rame, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, amma idanun nan na tsokana suna nan daram. Muka rungume juna, ta ce na yi ƙiba, na ce ta yi tsufa, ta ce ai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ta ɗauko ruwa za ta zuba mini a kofi, sai na ga hannun hagun yana rawa, ruwan ya zuba a tabarma. Ta ga na gani. Na karɓi kofin na sha.

Da azahar ta shimfiɗa mini wankakken zane a ɗakinta, ta nuna mini gabas, yadda uwarta ke yi mini muna yara. Muka ci amala da miyar ayoyo. Bayan nan ta ɗora tukunya a wuta, ta ɗauko 'yan gashin da za mu buga gobe, wato ƙwallayen badminton masu gashin tsuntsu, ta riƙa tara su a kan tururi ɗaya bayan ɗaya. Haka muke yi a da, a kan tukunyar alalar uwarta, don gashin ya yi laushi kada ya karye, har 'yan Legas suka riƙa cewa ƙwallon 'yan Zariya ƙamshin wake yake. Na ce mata ai yanzu ba rani ba ne, ba sa bukata. Ta ce, "Su ba sa bukata, ni nake bukata."

A nan bakin murhu ta gaya mini dalilin kiran. Ta ce, "Asabe, yaran nan sun daɗe da fin ƙarfina. Akwai wata Rahila, nas ce a Shika, ko da ta ɗaure hannu ɗaya sai ta cinye ni. Amma duk Asabar in na shiga, sai su riƙa buga mini a saitin raket, ko su jefa waje da gangan, su ce Mama Koci ta ci. Sai in ba su aron fili, in tsaya jikin sanda ina koyarwa. Sun ɗauka ban sani ba. Na yi faɗa, na yi zagi, suka ce su ba za su iya cin uwarsu a gaban mutane ba." Ta juya 'yar gashin a kan tururi. "Ban san ranar da na yi cin gaskiya na ƙarshe ba. Ba zan bar garin nan da filin ƙarya a hannuna ba. Ke kaɗai ce ba kya jin kunyata."

Na ce, "Kunyarki? Ni da na yi shekaru ina addu'ar ki yi tuntuɓe?" Ta yi dariya har da tari.

Da yamma tana wanka, Dele ya same ni a zaure ya durƙusa. Ya ce, "Mama, don Allah gobe ki bi ta a hankali. Hannun nan tun ciwon bara ya taɓu, likita ya ce ba zai koma kamar da ba. Ki bar ta ta ci, ta tafi da farin ciki, abin da ya rage mata ke nan." Na dube shi, yaron da na goya ranar sunansa, idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa Allah ya kai mu goben. Farin cikin da na taho da shi daga Gusau dai na neme shi na rasa.

Asabar: ɗakin wasa

Da sanyin safiya muka tafi a Keke Napep. Ɗakin na nan da rufin kwanonsa, tagogi a rufe don kada iska ta karkatar da 'yar gashi, ƙamshin gumi da tsohon katako kamar jiya na fita. Labari ya riga mu isa. Bencuna cike da mata, 'yan kasuwa, malaman makaranta, ɗalibai daga Samaru, wasu da goyo, duk waɗanda suka bi ta hannunta. Suka miƙe gaba ɗaya suna "Mama Koci, ina kwana." Komfot ta nuna wata doguwa ta ce ita ce Rahila, ita za ta yi alƙalanci. Ta ce kuma lissafin da za a yi, na zamaninmu: maki goma sha ɗaya, kuma sai mai sabis, wato bugun farawa, ke samun maki. Na ɗaure ɗankwalina tam, na yi bisimilla.

Farkon wasan sai na ce ƙarya Dele yake. Ta ɗaga raket kamar za ta sara, na ja baya, ta lanƙwasa wuyan hannu ta ajiye 'yar gashin a bakin raga. Dabarar da ta ci ni da ita tun muna 'yan mata, kuma na sake faɗawa. Kafin in farga tana da uku, ni ko ɗaya. Ɗakin ya ɗauki shewa. Amma a bugu na gaba ta kai hannu sama, hannun ya ƙi zuwa inda ta aike shi, raket ya kusa suɓuce mata. Na karɓi sabis na ci biyu a jere ba tare da na yi wani abin kirki ba. Na ji numfashinta daga inda nake. Na waiga, ga Dele a bakin ƙofa ya haɗa hannuwa yana kallona.

Sai zuciyata ta karye. Na fara ɗaga mata a tsakiya, a hankali, daidai inda raket ɗinta yake. Ta karɓi sabis, ta ci ɗaya. Bugu na gaba na jefa shi waje, na yi tsaki kamar kuskure ne. Ta sake yin sabis, na mayar mata da laushi, sai kawai ta sauke hannu ta bar 'yar gashin ta faɗi a gabanta. Ta tako har bakin raga. 

Ta ce, "Har da ke, Asabe?"

Na ce hannuna ne ya goce.

Ta ce, "Na san hannunki fiye da mijinki. Tun daga Gusau na taso ki don ki zo ki yi mini kara? Masu kara ai ga su nan cike da benci." Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. "Duk shekarun nan na taɓa bar miki ko maki ɗaya?"

Na ce ba ta taɓa ba.

"To don na raina ki ne?"

Na girgiza kai. Ta juya wurin Rahila ta ce a soke biyun nan, a koma uku da biyu. Na share fuskata da bakin ɗankwali, na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ban ƙara duban ƙofa ba.

Na san inda rauninta yake tun da daɗewa, can lungun baya ta hannun damanta. A da sanin bai amfane ni da komai ba, don ƙafarta na kai ta can kafin 'yar gashin ta isa. Yanzu na riƙa aika ta lungun nan, in ta mayar da ƙyar in ajiye mata a bakin raga. Baya, gaba, baya, gaba, ba tausayi. Kada ku ɗauka a ɓagas na samu. Gwiwata na kuka, ƙirjina na zafi, sabis ya yi ta kai da kawowa tsakaninmu ba mai ƙaruwa. Sau ɗaya na yi sakaci na ɗaga gajere, ta sare ta da ƙarfin da ban san ya rage mata ba, ta same ni a kafaɗa. Ta ce, "Wannan na kuɗin motarki ne!" Tana haki tana dariya, fuskarta ta koma ta yarinyar da na sani.

Ina da goma tana da shida na yi sabis mai tsawo zuwa lungun. Ta bi shi da baya, ta mayar. Na ajiye a bakin raga. Ta taho, ta miƙa hannun hagun iya tsawonsa, 'yar gashin ta faɗi tazarar taki ɗaya daga raket ɗinta. Rahila ta faɗi lissafi a hankali, goma sha ɗaya da shida. Ba wadda ta tafa.

Komfot ta miƙe tsaye, ta zo ta kama hannuna ta saman raga ta girgiza, ta ce, "Na gode." Sannan ta juya ta nufi benci. Matan suka dare a ruɗe, kowa na ba ta wuri, ta wuce su ta zauna a can ƙarshe inda wadda aka sauke ke zama. Ta ɗora raket a cinya, ta daɗe tana kallon filin. Ta ce, "Ashe haka yake daga nan. Ɗan ƙarami ne."

Ni kam hawaye sun rufe mini ido. Abin da na yi rayuwata ina nema ga shi a hannuna, kuma ji nake kamar na mari uwata. Na tattara zan fita, sai ta daka mini tsawa: "Ina za ki? Mai ci ba ta sauka! Rahila, ɗauki raket." Rahila ta fara cewa ai Hajiya ta gaji. Komfot ta ce, "In kika yi mata kara, ban yafe miki koyarwata ba."

Jama'a, yarinyar nan ta ji magana. Ban ma ga inda 'yar gashin ke bi ba, sai dai in ji ta a ƙasa. Maki ɗaya na samu, shi ma raga ce ta taimake ni. A nan ne ɗakin ya fashe da tafi da guɗa, har masu goyo suna tsalle. Na ja ƙafa na je na zube a benci kusa da Komfot. Ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sannu da sarauta. Mulkin naki ko ƙwai bai isa dafawa ba." Muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna kallon yaran suna bugawa da gaske, suna sauke juna, tana yi musu gyara daga zaune. Hannunta na kan gwiwata yana rawa, na ɗora nawa a kai. Ba mu tashi ba sai da aka zo rufe ɗakin.

Lahadi: komawa gida

Da safe Komfot ta yi shirin coci, inda za a yi mata addu'ar bankwana, ni kuma na ɗauki jakata. Dele ya kai mini ita har bakin titi. Bai yi mini maganar jiya ba, sai dai ya ce mamansa ta yi barci har da minshari, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ni da Komfot muka tsaya a ƙofar gida. Ba mu iya dogon sallama ba, ba mu saba ba. Ta ce in gaida Alhaji, na ce ta nemi lemun tsami don hanyar Ibadan da nisa. Keke ya ja, na waiga, tana tsaye da ɗaurin gwaggwaronta tana ɗaga mini hannun hagu.

Na samu mota a Kwangila kai tsaye zuwa Gusau. Samaru, Shika, Giwa, Funtuwa, duk na wuce su ban sayi komai ba, jikina ko'ina ciwo. Muka tsallake Tsafe da sauran rana, na shiga gida ana kiran magariba. Alhaji na tsakar gida yana alwala, ya ɗago ya ce, "To, wa ya ci?" Na ce ni. Ya ce, "Shi ne kika shigo kamar wadda ta dawo daga jana'iza?" Na wuce ɗaki na ajiye raket.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a wannan hanya. Na gode wa Yaya Hanne da tuwonta, da Dele da ya yafe mini ƙin jin roƙonsa, da Rahila da ta yi mini dukan da ya kamata. Na gode wa Komfot, da ta duba duk masu ƙaunarta a Zariya ta ga ba mai iya yi mata wannan aiki sai ni. Tun ina budurwa nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan ci Bahaguwa. Ya amsa mini, ni ce dai ban san abin da nake roƙo ba.